Wa Ya Tashi Daga Nan?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Baba Iro a Durumi ya san ba a samun wurin zama sai an ci jarrabawa. Kana yin sallama, kafin ka gama tuɓe takalmi, zai cafke ka a gwiwar hannu, ya ja ka gaban wani zane da ke jingine da bango, ya ce, "To, wa ya tashi daga nan?"

Kai kuwa sai ka duba, ba kowa. Buta ce, da kofin shayi, da goro a kan faifai. In tsautsayi ya sa ka ce, "Baba, ai buta ce," to ka shiga uku.

"Buta! Sannu da ƙoƙari. Ni da na yi kwanaki ina zana ta ban san buta ba ce, sai da Allah Ya kawo ka? Dubi kofin nan, an sha rabi an bari. Dubi goron, gatsa ɗaya aka yi aka ajiye. Mutum ne aka kira da gaggawa. Kuma ba mugun labari ba ne, don da mugun labari ne da kofin ya kife. Yanzu zauna."

Ni Safiya, jikarsa ta fari, babu wanda ya kai ni faɗuwa wannan jarrabawa. Shi ya sa da aka ce wani ya ba da labarinsa na ce a bar min, don tsakanin kaka da jika babu rufa-rufa, kuma ina da fansar da zan ɗauka.

Waɗanda suka san shi da tsufa kawai ba za su yarda ba, amma Baba Iro da zanen bayan manyan motoci ya fara. Daga Zariya ya zo Abuja tun ana sarar daji, ya kafa rumfa a Dei-Dei, yana zana wa direbobi zaki da ɗawisu da jirgin sama. Rana ɗaya ya naɗe tabarmarsa ya dawo gida, ya ce shi daga yau kwano da ludayi zai riƙa zanawa, a kan guntayen katakon da yake roƙowa wurin masu kayan gini. Mutane suka ce tuba ya yi daga zanen masu rai. Da liman ya yaba masa, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, kada ka ba ni ladan da ban nema ba. Mutum ne ba ya zama wuri ɗaya. Kwano kuwa inda ka ajiye shi nan za ka same shi."

Wannan magana ita ce ta tsaya wa matarsa, kakata Inna Kulu, a maƙogwaro. Aurensu ya haura shekara arba'in. Ya zana muciyarta, ya zana matankaɗinta, ya zana tsintsiyar da ta ƙare saura kututture, amma ita ko gefen hancinta bai taɓa zanawa ba. Tana faɗa da wasa, muna dariya, amma ni da na zauna da su na san abin yana ci mata rai. Gani take mutumin da ke iya kwana yana kallon murfin tukunya bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba.

Ga shi kuma kayan da yake zanawar duk nata ne, kuma ba ya tambaya. Gidanmu na haya ne mai tara jama'a, kowane ɗaki da yarensa, kwano kuwa yana yawo fiye da masu shi. Don haka kowace mace tana da alamarta. Wata ta kanƙara da ƙusa, wata ta ɗaura zare. Ta Inna Kulu ɗigo biyu ne na jan farce, kusa da juna. Duk gidan an san ma'anarsu: wannan na Kulu ne, in an gama a mayar mata da abinta. Kowa yana mayarwa kuwa, in ban da mijinta.

Wata rana ta ɗora ruwan tuwo, ta laluba ba muciya. Ta tsaya a ƙofar ɗakin zanen ta riƙe ƙugu.

"Malam, ina muciyata?"

"Tana bakin aiki."

"Wane aiki ne ya wuce tuƙa tuwo? Ruwa na tafasa!"

"Ki sauke. Haske ya faɗo mata daidai. Kika taɓa ta, sai gobe war haka."

"To me za ka ci?"

"Shinkafa ba ta neman muciya."

Inna ta ce ba komai. Ta ƙi aron ta maƙwabta, ta ɗora shinkafa. Safe shinkafa, rana shinkafa, dare shinkafa, har muka fara jin ƙamshinta a mafarki. Ranar da ya gama, zanen ya fito kamar ka miƙa hannu ka ɗauka: ga inda wuta ta lashi kan muciyar, ga busasshen tuwo a tsagarta, har ɗigon jan farcen Inna bai bari ba. Ya miƙa mata abarta, ya zauna, aka ajiye masa kwano, ya buɗe ya ga shinkafa. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Wai ni Kulu, gidan nan an daina tuwo ne?"

Kuna tuna Alhaji Nura mai rodi, abokinsa na Dei-Dei? Shi ne ya gina sabon gida ya zo neman zanen da zai rataya a falo. Tun daga ƙofa yake bayani: "Irin na gidajen manya nake so, Iro. Tuffa da inabi a cikin kwando, su yi sheƙi."

Baba ya ce, "Ka taɓa cin inabi a kwando?"

"Ina ruwanka? Ado ne."

"Abin da ba a taɓa amfani da shi ba, ba shi da labari. Zauna in sayo kananzir na wanke buroshi, sai mu yi magana."

Kuskuren da ya yi ke nan. A kan tebur akwai farantin ƙosai da ya karɓo wurin mai tuya a bakin layi, da takarda da yaji a gefe, ya jera su yana zanawa tun shekaranjiya. Alhaji ya ga ƙosai a gaban baƙo, ya ce ai karamci ne. Ya yi bisimilla.

Baba na dawowa ya tarar da faranti wayam, Alhaji yana suɗe yatsa.

"Innalillahi! Nura! Ka cinye min Talata da Laraba!"

"Wallahi na ce ƙosan nan ya yi tauri. Na ɗauka sabon salo ne."

Muka zaci za a yi tashin hankali. Sai muka ga Baba ya karkata kai yana kallon farantin. Ya ɗaga hannu. "Kada ka motsa. Kada ka taɓa takardar nan." Ya jawo sabon katako. Abin da ya zana shi ne farantin da ba komai a ciki, da takardar da mai ya jiƙa, da sawun yatsu uku a cikin yaji. Ina gaya muku, duk zanensa babu wanda ke sa ni jin yunwa kamar wannan. Da ya gama ya aika aka kira Alhaji, ya ce ga na falon nan.

"Haba Iro, farantin da ba komai? Baƙi su ce me?"

"Su ce wa ya tashi daga nan. Kai kuma ka ce, wani bawan Allah ne mai rufin asiri da ba ya tambaya kafin ya ci."

Alhaji bai karɓa ba. Mai ƙosai ma ba ta sake ganin farantinta ba sai da ta zo da kanta.

Abin da ya fi ba ni haushi da Baba shi ne bai tsaya a kan zane ba. Teburin mutane ma karantawa yake. Wata safiya muka shiga gaida maƙwabtanmu, Oga Sunday mai gyaran janareto da matarsa Maman Joy, mutanen da ko tari ba ka ji daga ɗakinsu. Suna karyawa. Baba ya dubi tebur, ya girgiza kai.

"Allah Ya kyauta. An yi faɗa a gidan nan."

Oga Sunday ya yi dariya. "Ah ah, Baba, ba faɗa. Mu yana lafiya lau."

"Ni za ka gaya wa? Dubi burodin nan. Ba yanka shi aka yi ba, yage shi aka yi. Hannun da ya yi wannan yagar akwai magana a zuciyarsa."

Na taka masa ƙafa, bai ji ba. Oga Sunday ya dubi burodi, ya dubi matarsa, dariyar ta fara raguwa.

"Gaskiya fa. Maman Joy, me ya sa ka yage burodi haka?"

"Da me zan yanka? Ina wuƙa? Ba kai ka kai shi shago kana yanka waya ba?"

"Ni? Ni ban taɓa wuƙanka ba!"

"To aljani ne ya ɗauka? Kullum haka, komai na kicin sai ka kwashe!"

Kafin ka ce kwabo an tono maganar cokalin bara da ta tukunyar da ƙanwarsa ta tafi da ita. Baba ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, muna fita ya raɗa min, "Ban ce ba?"

Na ce, "Baba, kai fa ka haɗa su."

"In ba su yi ba ai da za su yi. Ni dai na riga su gani ne."

Muna shiga ɗakinsa me zan gani a kan tebur, kusa da rabin albasa, haske ya faɗo mata daidai? Wuƙar Maman Joy. Na buɗe baki, ya ɗora yatsa a leɓe ya ce, "Tana bakin aiki."

Akwai rana ɗaya da dariyar ba ta kai ƙarshe ba, kuma dole in faɗe ta. Wata Sallah ce Inna ta matsa masa har ya ce ya yarda, ta zo ta zauna ya zana ta. Zo ku ga shiri! Leshinta na cikin akwati, sarƙa, kwalli, lalle, ɗauri kamar zai taɓo silin. Ni na ɗaura mata. Ta zauna a kujera ta haɗa hannuwa a cinya, matan gida suna leƙe ta taga.

Ya dube ta ya ce, "Ki sauke fuskar nan."

"Wace fuska?"

"Ta zuwa biki. Ni ban san wannan matar ba."

"Ita ka samu. Yi aikinka."

Ya kama aiki. Matar da ba ta iya minti biyar a zaune, ranar ta daure har wuyanta ya ƙage. Da la'asar ya ce ta zo ta gani. Ta taso tana gyara mayafi, tana murmushi kamar yarinya.

Silifas ɗinta na roba ne ya zana, a bakin ƙofa inda ta tuɓe su. Ɗaya ya hau kan ɗaya, ga ƙusar da aka tare maɗaurin da ita, ga inda dunduniyarta ta cinye robar.

Masu leƙe suka kwashe da dariya, sai suka ga fuskarta, suka yi shiru. Ta ce, "Na gane, Malam. Ashe matsayina bai wuce bakin ƙofa ba." Ya fara cewa, "Kulu, dubi yadda..." ta ce ba ta so. Ta kwance ɗaurin tun kafin ta kai ɗakinta. Daga ranar ba ta ƙara taka ɗakin zanen nan ba, abinci ma a ƙofa take ajiye masa, kuma ko an fito da zane tsakar gida sai ta kau da kai.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na same shi na ce, "Baba, fuska guda fa ta roƙa. Me zai rage ka?"

"Fuskarta kowa na gani."

"To abin da ka zana ita ba ta gani ba."

"Za ta gani."

"Yaushe?"

"Ranar da ta tsaya."

Shi da taurin kai, ita da zuciya. Sun ci gaba da zamansu, tana dafa masa, yana sace mata ludayi, amma wannan maganar ba wanda ya sake ɗaga ta. A haka ciwo ya kwantar da shi bara, bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinSa.

Da Inna ta fita takaba aka shirya za ta koma wurin mahaifiyata a Bwari. Aka kawo mota. Aka tambaye ta yadda za a yi da zanen da suka cika ɗaki, ta ce, "A ba duk mai so, saura a haɗa wuta da su. Ni na wanke kwanonin nan shekara da shekaru, ba sai na kalle su a bango ba." Wa zai ja da ita? Na riƙa fito da su ina jerawa a tsakar gida, maƙwabta suna zaɓa, ita kuma tana zaune a kan turmi ta ba su baya.

Sai muka ji Maman Joy ta ɗaga murya. "Ah ah! Wuƙana ne wannan! Ashe Baba ne! Sunday, zo ka gani, sori fa!" Ana cikin dariya ta ƙara matso da zanen kusa da idonta. "Amma Inna, me ya sa alamanka yana kan wuƙana? Ga jan farce biyu. Ni ban ba ka wuƙa ba."

Kun san Inna Kulu. A ce ta sa alama a kayan wata? Abin da roƙon shekaru bai yi ba, wannan zargin ya yi. Ta miƙe tsaye. "Ni? A kayanki? Kawo in gani!" Ta sa tabarau ta karɓa. Ga su nan kuwa a ƙotar wuƙar, ɗigo biyu kusa da juna.

Ta ce, "Wuƙar ba ta da wannan."

Maman Joy ta ce, "Shi ne nake faɗa."

Inna ta ajiye, ta ɗauki na kusa da shi. Farantin mai ƙosai ne, wanda bai taɓa kwana a kwandonta ba. Ɗigo biyu a ƙarƙashin baki. Ta ɗauki na gaba, butar masallaci ce. Ɗigo biyu a gindi. Ƙwaryar wata mai nono da ya taɓa tsarewa wuni guda, kwalbar kananzir, makullin ɗakin haya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a tsugune, tana goge ƙura da gefen zaninta. Babu wanda ya tsallake. Shi da bai taɓa rubuta sunansa a jikin zane ba, duk abin da hannunsa ya yi sai da ya sa masa alamarta. Mu kuma da ake yi wa jarrabawa muna ta kallo shekara da shekaru, ba wanda ya lura.

Da ta zo kan silifas ɗin nan ta daɗe. Ta taɓa wurin ƙusar da yatsa ta ce, "Shi ya sa min ƙusar nan. Na manta." Sai ta juyo, ta ga wani maƙwabci ya rungumi zanen muciya zai wuce.

"Kai! Ajiye! Ba ka ga alama ba? Duk wanda ya ɗauka ya dawo da shi. Nawa ne."

Maman Joy ta ce, "Har wuƙana?"

"Har wuƙarki. Je ki kai ƙara."

Saura ɗaya a ɗaki, wanda ke kan tebur an rufe shi da tsohon zani. Na fito da shi na buɗe. Hularsa ce, wadda ta koɗe a goshi, a rataye a ƙusa. Ƙarƙashinta tabaransa a naɗe, da buroshi a cikin gwangwanin madara. Bai gama bangon ba, gefe ɗaya katako ne tsirara. Amma a bakin hular ya riga ya sa ɗigo biyu.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Inna, wa ya tashi daga nan?" ba.

Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ka ji mutum! Shekara arba'in ba zai buɗe baki ya faɗa ba, sai a jikin hula." Ta share ido da mayafi. "Kowa ya ari kayana ya dawo min da su, sai wannan." Sannan ta ce, "Astagfirullah. Aro aka ba ni. Mai shi ne Ya karɓa."

A kan cinyarta ta riƙe zanen har Bwari, ta hana a sa shi a bayan mota. Yanzu in kun je gaishe ta, ku shirya, don ba za ta ba ku wurin zama ba sai kun tsaya a gaban bango kun amsa tambaya.

Allah Ka jiƙan Baba Iro, Ka yafe masa muciya da wuƙa da duk abin da ya ɗauka bai tambaya ba. Ka haskaka kabarinsa da hasken da ya fi wanda ya yi ta jira a bakin taga. Ka ba Inna Kulu haƙuri da tsawon rai mai albarka, in lokaci ya yi Ka haɗa su a Aljanna, Ka mayar mata da abinta. Amin.